Sunan Wa Za a Sa wa Makarantar Gidan Nomau?

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu na 2003, da ƙarfe goma da kwata na safe, aka fara yi wa Malam Tanimu rashin adalci. Har yau in ka ce ƙarfe goma ne zai gyara maka, ya ce da kwata. Yana tsakiyar koya wa yara karatu a makarantar da mutanen Gidan Nomau suka gina da hannunsu, sai Maigari Jatau ya aiko a kira shi gindin tsamiya, inda gari ya taru.

"Malam," in ji Maigari, "shinkafar rani ta nuna, jan-baki na cinye ta, kai kuwa ka kulle mana masu korar tsuntsu a ɗaki suna waƙa."

"Ranka ya daɗe, awa uku kacal nake riƙe su."

"A awa ukun nan tsuntsu azumi yake yi?"

Jama'a suka fashe da dariya. Nan take aka rufe makarantar, aka ciro baƙin allonsa aka yi wa garken awakin Maigari ƙyaure da shi. Malam Tanimu ya koma koyarwa a Kwanar Ilu, tafiyar kilomita shida. Cikin yara arba'in da ɗaya, ɗaya ce tak ta bi shi, wata marainiya mai suna Barmani.

Bayan shekara ashirin da ɗaya wasu 'yan kamfani suka zo da takarda mai shafi goma sha huɗu. Suka ce aron fadama suke so na shekara uku, kowa ya dangwala yatsa. Har an buɗe tawada sai ga Barmani, wadda a lokacin ta zama ma'aikaciyar safiyo, ta zo ganin gida. Ta karɓi takardar ta karanta a tsaye. A shafi na goma sha ɗaya an rubuta cewa fadamar daji ce da ba ta da mai ita, kuma duk wanda ya dangwala ya shaida haka. Ba wanda ya dangwala. Aka je kotu, aka yi wata takwas, fadama ta tsaya a hannun masu ita. Don murna gari ya yi gayya ya gina sabuwar makaranta, aka ce za a sa mata sunan wanda ya ceci fadamar. Barmani ta ce a cire ta daga ciki, ita sa ta aka yi a hanya. Saura mutum uku.

Na farko Malam Tanimu. Shi ya koya mata haɗa baƙi, shi ya hana ta tsallake layi ko da ta gaji. Dokarsa ce a aji, ba a sa hannu a takarda sai an kai ƙarshenta. Yara sun sha yi masa tsegumi a kan haka. Ba don wannan tsananin ba, da Barmani ta tsaya a shafi na biyu, inda aka jera alkawuran rijiya da asibiti, da ta ce a dangwala.

Ta biyu kakarta, Inna Delu. A garin kowane gida sai ya ba da mai korar tsuntsu, gidansu kuwa ba yaro sai Barmani. Tsohuwar nan ta ɗauki gwangwani da igiya ta hau dakalin kara a tsakiyar shinkafa, tana ihu tare da jikokin mutane, rani tara a jere. Mata suka sa mata suna Autar Fadama. Takan ce, "Ku kira ni ko me, ita dai ta tafi." Ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Amma da ta sauka daga dakalin nan ko sau ɗaya, da malam bai sami ɗaliba ba.

Na uku Maigari Jatau, shi dai wanda ya rufe makarantar. Alƙali ya ce karatun takarda ba hujja ba ne, a nuna masa shaidar mallaka. Ba wanda ke da ko warƙa. Sai Maigari, ya tsufa idonsa ya dushe, ya ce a riƙe masa hannu. Ya kai mutanen kotu kusurwa bakwai na fadamar, a kowace ya buga sanda ya ce a tona. Aka yi ta fito da tukwanen gawayi da kakanni suka binne don iyaka, abin da kakansa ya nuna masa yana yaro kuma ba a rubuta ko'ina ba. A kansu Barmani ta auna ta zana taswirar da kotu ta karɓa.

Ranar yanke shawara Malam Tanimu, wanda ya yi ritaya tuni, ya miƙe a gindin tsamiyar nan da takardarsa a hannu.

"Ban ce a sa sunana ba, ban kuma ce kada a sa ba. A nan aka yi mini dariya. A nan nake so Maigari ya ce ya yi kuskure, da muryar da na baya za su ji, a kuma ciro mini allona daga bakin awaki."

Maigari ya yi murmushi ya ce, "Allon kam ka aika a ɗauka, Malam, awakin sun gama aji shida. Amma shinkafar da muka tsare a waccan shekarar, ita ɗalibarka ta ci ta yi tafiyar kilomita shida."

Inna Delu ta ce su biyun su rage murya, yara na leƙen sabon aji ta taga suna jiran a buɗe.

To, jama'a, gini ya bushe, allon suna na nan ba rubutu. Cikin malamin da ya koyar, da tsohuwar da ta tsare tsuntsu, da Maigarin da ya san iyaka, sunan wa ya kamata a rubuta? Kuma kafin a rubuta, Maigari ya tashi a bainar jama'a ya nemi gafarar Malam Tanimu, ko tukwane bakwai sun isa ban haƙuri?