Hoton da Tukuna Ya Goge da Hannunsa

Akwai wani mutum mai sayar da tayal da ake yi wa laƙabi da Tukuna. Sunan ya samo asali ne daga bakinsa. Ko takalmi zai saya, sai ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, sannan ya ajiye ya ce, "Tukuna dai." Idonsa ya saba da neman tsaga a jikin tayal, har ya zama ba ya iya kallon komai sai ya nemo aibinsa.

Mahaifinsa tsohon direban babbar mota ne, dattijo mai fara'a da wushirya. In ya yi dariya, har maƙwabta sai sun san yana gida. Amma ya tsani zuwa shagon masu hoto. Cewa yake yi shi ba zai je ya zauna gaban labule mai zanen furanni yana washe baki da girmansa ba.

'Yan hotunan da gidan ke da su kuwa suna cikin wata tsohuwar akwati, gara ta shiga ta cinye su tas. Har da na mahaifiyarsu da ta rasu tun suna yara. A lokacin wayar hannu ba ta fara ɗaukar hoton kirki ba, don haka a duk duniya babu hoton Baba ko ɗaya.

Sai ga likita ya ce akwai jijiyar da ta toshe a wuyan Baba, za a yi masa aiki mako mai zuwa, kuma aikin yana da haɗari.

Ranar da suka dawo daga asibiti, Auta, ƙanwar Tukuna, ta same shi a bakin ƙofa idonta ya yi ja.

"Yaya, jiya na rufe ido ina son in tuna fuskar Mama, wallahi na kasa. Muryarta kawai nake ji. Ina tsoron kar a yi mana haka da Baba."

"Ke dai bakinki ba ya faɗin alheri."

"Na roƙe shi ya yarda a ɗauke shi, amma ya ce sai dai a gida, a kan kujerarsa. Don Allah ka sayo kyamara."

Tukuna ya tafi shagon wani mai kayan lantarki da ke layinsu a kasuwa. Mai shagon ya fito masa da ƙananan kyamarori biyu, irin waɗanda ke shiga aljihu. Ɗaya baƙa, ɗaya ruwan azurfa.

"Baƙar tana janyo abu daga nesa, kamar ka taɓa shi," in ji mai shago. "Ta azurfar ta fi kyau a cikin ɗaki in haske ya yi ƙaranci, sai dai tana shan batir. In don hoton Baba ne, kowacce ka ɗauka za ta yi."

"Ku ai sayarwa kawai kuka sani," in ji Tukuna. "Ni ba a yi mini cushe."

Ranar bai saya ba. Washegari ma ya dawo, ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya karanta kwalayensu ciki da waje, ya tafi. Da mai shago ya gaji da sintirinsa, sai ya ce, "Maƙwabci, tafi da su duka biyun gida ka gwada, ka dawo mini da wadda ba ka so."

Da la'asar Baba ya yi wanka, ya sa farar rigarsa da ba ya sawa sai da dalili, ya kafa hula, ya zauna a kujerarsa ta tsakar gida. Auta ta tsaya a bayan yayanta tana tsokanarsa.

"Baba, irin wannan gayu haka? Ko dai akwai wadda za a aika wa hoton ne ba mu sani ba?"

Baba ya fashe da dariya har hularsa ta karkace. Daidai nan Tukuna ya danna baƙar kyamarar.

Auta ta leƙo. "Wayyo, Yaya, ya yi kyau! Kalli wushiryarsa!"

Tukuna ya janyo hoton kusa, ya ƙura ido kamar mai duba tayal. "Kin ga hannunsa ya girgiza? Bai fita ba." Kafin ta yi magana ya danna, hoton ya tafi.

"Yaya! Me ya sa?"

"Ke kin san hoto ne? Gwaji muke yi."

Ya ɗauko ta azurfar, ya ɗauka a tsakar gida, ya sa Baba ya koma falo ya sake ɗauka. Wannan ya ce rigar ta yi ɗorawa-ɗorawa, ya goge. Wancan ya ce inuwa ta faɗa a wuya, ya goge. Ya ce shi ba zai mayar wa mai shago kyamara da hoton ubansa mara kyau a ciki ba, in ya tsai da wadda zai saya sai a yi na gaske.

Daga nan ya fita yana gwada nisan baƙar. Ya ɗauki tankin ruwan maƙwabta, ya ɗauki lambar wata mota a ƙarshen layi, har ƙadangaren da ke kan katanga bai tsira ba. Da ya dawo, Baba ya riga ya cire hula yana shafa wuyansa.

"Na gaji, ɗan nan. Kaina yana sarawa."

"Ba komai, Baba. Ai da sauran kwanaki kafin aikin."

Ya mayar wa mai shago kyamarorin duka biyu, ya ce yana son ya kwana da shawara.

Jama'a, wa ya gaya wa ɗan Adam cewa da sauran kwanaki?

Da safe Tukuna yana buɗe shagonsa, sai ga kiran Auta. Ba ta ko yi sallama ba.

"Yaya, Baba ya faɗi a ƙofar banɗaki! Ba ya magana! Idonsa a buɗe amma ba ya magana!"

Bai san yadda aka yi ya isa asibiti ba. Ya tarar ana tura Baba a kan gado mai taya, an sa masa robar numfashi ta rufe rabin fuskarsa, hannunsa ɗaya yana lilo a gefen gadon. Likita ya ce ba za a jira mako mai zuwa ba, yanzu za a shiga da shi, kuma su yi ta addu'a. Ƙofar ɗakin tiyata ta rufe.

Auta ta juyo wajensa.

"Yaya, ko guda ɗaya ba ka bari ba?"

Sai a lokacin abin ya dira a zuciyarsa. In aka fito da Baba a lulluɓe, shi ke nan, fuskar ta tafi kamar yadda ta Mama ta tafi, kuma da yatsansa ya goge ta.

Ya fita da gudu kamar mahaukaci. Mai shago ya ga yadda ya shigo ba ko takalmi ɗaya a ƙafarsa, ya miƙe tsaye.

"Lafiya, maƙwabci?"

"Kyamarorin! Don girman Allah ka ce ba ka sayar ba."

Suna nan duka biyu. Tukuna ya kunna baƙar. Tanki. Tanki. Lambar mota. Ƙadangare, ya fito tar har ana ganin ƙwayar idonsa. Ya kunna ta azurfar: kusurwar falo, ƙarƙashin tebur, labule. Babu Baba.

"An ce ana iya dawo da abin da aka goge," in ji Tukuna. "Ka taimake ni. Na san na yi maka rashin kunya."

"Bar wannan maganar. Wani lokaci ana dacewa, amma in an ɗauki wasu hotunan a kansa, da wuya. Bari mu gwada."

Mai shago ya zare katin baƙar kyamarar ya sa a kwamfuta. Suka zuba ido. Duk lokacin da wayar Tukuna ta motsa a aljihu, sai ya kasa dubawa. Yana jin tsoron kiran Auta fiye da yadda ya taɓa jin tsoron komai a rayuwarsa.

Can sai hoto ɗaya ya fara buɗewa daga sama. Ga katangar gidansu. Ga hular Baba a karkace. Ga goshinsa, ga girarsa ta ɗaga irin ta mai dariya. Daga nan zuwa ƙasa sai toka-toka kawai, kamar an ja masa mayafi.

Tukuna ya ƙura wa rabin hoton ido.

"Iyakar abin da ya rage ke nan," in ji mai shago a hankali. "Hotunan tankin sun hau kan sauran. Katin ta azurfar ma na duba, babu komai."

"Ba ni kyamara ɗaya," in ji Tukuna.

"Wacce?"

"Kowacce!"

Mai shago ya miƙa masa wadda ta fi kusa da hannunsa. Tukuna bai ko duba launinta ba.

Ya koma asibiti ya zauna a kan benci kusa da Auta, kyamara a cinyarsa, ga ta a hannu amma ba wanda za a ɗauka. Duk gadon da aka turo sai su miƙe tare, su duba ko an rufe fuskar mai shi.

Allah da ikonsa, Baba ya fito da rai.

Sai dai faɗuwar ta taɓa shi. Gefen fuskarsa na hagu ya saki, bakinsa ya karkace, harshensa ya yi nauyi. Likita ya ce zai iya samun sauƙi, amma kar su sa rai fuskar za ta koma yadda take.

Bayan an sallame shi ya ɗan murmure, suka sa masa farar rigar nan, Auta ta gyara masa hula, suka zaunar da shi a kujerarsa. Tukuna ya ɗauka sau ɗaya. Hoton ya fita tsaf, ba girgiza, ba inuwa. Aka wanke shi aka kawo wa Baba.

Ya daɗe yana kallon mutumin da ke cikin hoton. Sannan ya ɗago, ya yi ta kokawa da harshensa har maganar ta fito.

"Ba wannan ba. Na rannan. Wanda na yi dariya. Kawo in gani."

Auta ta juya ta shige ɗaki. Tukuna ya durƙusa a gaban kujerar, ya kifa kansa a gwiwar mahaifinsa yana kuka, Baba yana shafa kansa da hannun da ke motsi, bai san me ya sa shi kuka ba.

Darasi: Bincike kafin saye ba laifi ba ne, amma ka tuna abin da ya kai ka kasuwa. Wanda ya ce sai ya sami abin da ba shi da aibi, yakan yar da mai kyan da ke hannunsa, kuma karin maganar nan ta "da muguwar rawa gara ƙin tashi" ba ta shafi iyaye ba: abin da za ka yi musu, yi shi yau ko da bai cika ba. In naka suna raye, je ka zauna da su, ka ɗauki hoton, kar ka goge. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai cewa "tukuna" a cikinsu.