Kunun Kadangare

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Inna.

An yi wata shekara dabbobi suka gama girbi, suka taru biki a gidan Goggo Bushiya. Safiya ce mai sanyi, ruwan randa sai ka ce ƙanƙara. Goggo ta dama kunun gyaɗa mai zafi, ga kuma zoɓo a randar da ta kwana a waje.

Shi Kadangare, kun sani, in sanyi ya shige shi ba ya iya motsi. Saboda haka Goggo ta ware masa ƙoƙon kunu uku.

Kurege ya matso. Ya ce, "Abokina, kunu na tsofaffi ne. Samari zoɓo suke sha. Kawo in riƙe maka."

Kadangare ya ba shi, ya sha zoɓo. Wutsiyarsa ta sandare.

"Kunu na tsofaffi ne," in ji Kurege. Kadangare ya sake sha. Ƙafafunsa suka sandare.

"Kunu na tsofaffi ne." A na uku sai Kadangare ya kife, ko ido ba ya ƙiftawa.

Matarsa ta kurma ihu, "Wayyo, maigida ya tafi!" Aka lulluɓe shi da zane, aka tura Gafiya haƙa rami.

Goggo Bushiya ta ce, "Tsaya. Ina kunun da na ba shi? A duba kowa."

Kurege ya shanye biyu, saura ɗaya a hannunsa, yana tururi. Ya duba gabas, ya duba yamma. Sai ya durƙusa kamar mai kuka, ya cusa ƙoƙon ƙarƙashin zanen, don ba mai binciken gawa.

Ɗumi ya ratsa Kadangare. Gafiya ta dawo ta ce rami ya yi. Aka zo ɗauka, sai aka ji "fuut, fuut" a cikin zane.

Aka yaye. Ga Kadangare, baki duk kunu.

Matarsa ta zauna daɓas, tana dariya tana hawaye.

Kadangare ya ce, "Kurege, ka dawo min da ɗaya. Ina sauran biyun?"

Goggo ta ce, "Au, kai ne? To, samari, ga randa nan. Shanye."

Kurege ya sha har haƙoransa suna kaɗawa, sauran kuwa suka koma bakin murhu.

Ku ma, abin da jikinku yake buƙata, kada ku sake shi don wani ya yi muku dariya.

Ƙurunƙus. A ja mayafi.