Gwanki da Zuciyar da Ba Ta Neman Izini

An yi wani Gwanki a wani daji, ga ƙaho, ga ƙirji, ga wutsiya mai gashi luf-luf wadda yake ji da ita. Girman kai kuwa kamar ya kashe shi. A dajin akwai wata Barewa, ita kuma ko ciyawa ta motsa sai gabanta ya faɗi.

A al'adar dabbobin wurin, duk rani sukan zaɓi mai shige musu gaba zuwa tafki. In ya sha kowa ya sha, in ya juya kowa ya juya. Gwanki ya ƙwallafa rai a kan matsayin nan, Barewa ma ta ce tana so.

"Ke?" in ji Gwanki, ya tuntsire da dariya. "Ke da zuciyarki ke dukan uku-uku don fara ta yi tsalle?"

"Ai ba ni ke sa ta ba, Yaya Gwanki. Kowa yana da 'yan aiki biyu a jikinsa. Ɗaya in ya ji haɗari sai ya zaburar da zuciya, ya tura ƙarfi ƙafafu. Ɗayan shi ke kwantar da komai in an tsira. Ba sa neman izinin kowa."

"A jikinki dai. Nawa jikin ni ke mulkinsa, ko gashi ba ya tashi sai na ce."

Dabbobi suka ce to, a je tafki a gani.

Suna isa bakin ruwa Barewa ta ja da baya, jikinta na ɓari. Shi ma gogan naka sai ya ji zuciyarsa ta hau bugu, yawun bakinsa ya ƙafe, gashin wuyansa ya miƙe. Kunya ta kama shi, ga jama'a na kallo.

"Ke zuciya, wa ya aike ki?" ya ce can ƙasa-ƙasa. Ya dage ya shiga ruwa har gwiwa.

Ashe Kada na kwance a cikin laka. Ruwa ya dare, baki ya buɗe! Kafin Gwanki ya san abin da ake ciki, ƙafafunsa sun riga sun cilla shi tudu. Ya tsira da rai, amma wutsiyar nan tasa ta zama kalacin Kada.

A gindin tsamiya ya zube yana haki. Sannu a hankali bugun ya lafa, yawu ya dawo, har cikinsa ya fara kukan yunwa.

Barewa ta matso. "Sannu Yaya. Wannan tsalle haka, yaushe ka ba da izininsa?"

Gwanki ya waiga ya dubi guntun dungun da ya rage masa. Ranar aka naɗa Barewa, shi kuma ya koma ƙarshen layi, ƙudaje na shagali a bayansa ba abin kora.

Darasin wannan labari shi ne, yara, a jikinmu akwai jijiyoyi masu aiki da kansu. Su ke tafiyar da bugun zuciya da zufa da narkar da abinci, muna farke ko muna barci. In gabanka ya faɗi a wurin haɗari ba abin kunya ba ne, jikinka ne ke yi maka kashedi. Ka saurare shi tun wutsiyarka na nan.