Injin Kawu da Gadon Inna

Akwai wani mai wanki da guga da kowa a layinsu Kawu yake ce masa, har waɗanda suka girme shi. Shagonsa yana ƙasan wani gidan bene. A saman benen yayarsa ce take zaune, wadda ake kira Inna, tare da ɗanta Auta, saurayin da ya ajiye aikin fenti don ya yi jinyarta.

Ciwon ƙashi ne ya kwantar da Inna. Likita ya ce ƙasusuwan bayanta sun yi laushi, babu sauran abin yi sai lallaɓawa. Ko zanin gado aka ja da ɗan ƙarfi sai ta runtse ido. Saukowa da ita ta wannan siririyar matakalar kuwa, ko a baki ba a faɗa.

Ana cikin haka Kawu ya sayo sabon inji, babba, mai matse ruwa daga jiƙaƙƙun kaya. Ganga ce a cikinsa mai juyawa da gudu. Kullum sai ya goge shi da tsumma, har maƙwabta suka sa wa injin suna Amarya.

Ranar da aka fara kunna shi, Auta yana ba Inna magani a cokali. Sai ya ga maganin yana rawa, yana zuba a kan hannunsa. Gilashin taga ya ɗauki wani siririn kuka. Ƙarfen gadon ya shiga karkarwa kamar mai zazzaɓi.

Inna ta damƙe gefen katifa.

"Inna, ciwon ne?"

"Ba komai, Auta. Ƙanina ne yake neman halal ɗinsa."

Auta ya sauka da sauri, ya tarar da Kawu yana ta fara'a a gaban injin.

"Kawu, abin nan yana girgiza gadon Inna."

Kawu ya kama hannunsa ya ɗora a jikin injin. "Taɓa ka ji. Ina girgizar take?"

Gaskiya ne, abin da Auta ya ji a tafinsa ɗan kaɗan ne, kamar gurnanin kyanwa.

"To ni da nake tsaye a kansa ban ji ba, sai kai da kake can sama? Ko kunnenka ne ya fi na kowa tsawo?"

"Kawu, ka hau ka gani mana."

"In hau in bar inji yana gudu da kayan mutane? Je ka, zan shigo in na tashi."

Kuma ya shigo. Kawu ba mai yanke zumunci ba ne. Sau biyu yake gaishe da yayarsa kowace rana, da safe kafin ya buɗe shago, da yamma bayan ya rufe. Duk lokutan nan biyu injin a kashe yake, ɗakin shiru, gadon a tsaye cak.

"Yaya, wai Amaryata tana damunki?"

"Wace amarya? Ka rabu da Auta. Allah ya yi wa sana'arka albarka."

Kawu ya juyo ya kalli Auta, kallon nan na ka ji dai da kunnenka. Auta ya fita baranda ya daɗe yana kallon titi, ya rasa wanda zai yi wa fushi.

Wata guda ya wuce a haka. Auta ya ja gadon zuwa wancan lungun, abin bai ragu ba. Ya cusa kwali a ƙarƙashin ƙafafun gadon, kwalin ya lotse cikin kwana biyu. Ya naɗe tsofaffin barguna ya saka, gadon ya koma tangaɗi. Har ya haddace muryar injin. Yana jin ta fara tashi, sai ya ajiye duk abin da ke hannunsa ya zo ya zauna kusa da Inna, yana kallon yadda fuskarta take canjawa, ba shi da abin da zai iya yi mata.

Da naci ya yi yawa, Kawu ya ce, "Shi ke nan, zan rufe maka baki."

Ya kira magini. Aka ɗaure ƙafafun injin da manyan notuna, aka zuba kankare aka haɗe gindinsa da ginshiƙin da ya tokare benen. Kawu da kansa ya ƙara matse notunan da sifana har jijiyar wuyansa ta tashi.

"Yanzu ko giwa ce ta ture shi ba zai motsa ba," in ji shi.

Injin kuwa ya daina motsi. Amma a sama abin ya ninka. Kofi ya riƙa tafiya da kansa a kan tebur har ya faɗo. Hoton marigayi mijin Inna ya karkace a bango. Ran nan Auta ya ga hawaye yana gangarowa ta gefen idon Inna zuwa cikin kunnenta, bakinta a rufe.

Ya sauka bai ko sa takalmi ba, ya wuce Kawu ya kashe makunnin injin.

"Kai! Wa ya aike ka?"

"Kawu, kashe ta kake yi a hankali."

Mutum biyu da suka kawo wanki suka sunkuyar da kai.

"Ni?" in ji Kawu. "Matar da ta goya ni a bayanta? Na kira magini saboda kai, na yi aikin da ba wanda ya sa ni, yau a gaban mutane kake ce mini mai kisa? Ita mai jikin ta ce ba komai, kai ne likitanta? Fita mini daga shago."

Daga ranar suka daina magana. Kawu zai hau ya gaishe da Inna, Auta zai fita baranda har ya sauka. Injin ya ci gaba da aikinsa, sau bakwai, sau takwas a yini. Wata uku suka ƙara wucewa.

Cikin waɗanda suka ga wancan faɗan akwai wata mata da take kawo wankin labule. Injiniya ce a wata masana'anta, aikinta auna girgizar injina kafin su lalace. Tafiya ta kama ta bayan nan. Da ta dawo ta ga Auta a bakin matakala, ya rame kamar shi ne marar lafiyar.

"Ƙanina, yaya jikin Inna? An gyara abin nan kuwa?"

Auta ya girgiza kai kawai.

Ranar Asabar da hantsi sai ga ta da 'yar jaka. Ta gaishe da Kawu har ƙasa.

"Baba, alfarma nake nema. Ka bar ni in auna injinka."

"Auna? Shi hatsi ne?" Kawu ya yi dariya. "'Yata, shekara ashirin da shida ina wanki. Kina rarrafe na fara."

"Shi ya sa na zo koyo, Baba."

Wannan maganar ta yi masa daɗi, ya matsa mata.

Ta fito da wani ɗan ƙarfe bai fi murfin kwalba ba, mai mayen ƙarfe a gindinsa, da igiya da ta haɗa shi da wayarta. Inda duk ta manna shi, sai lamba ta fito a fuskar wayar tana nuna ƙarfin girgizar wurin. Aka kunna inji. Ta manna a ƙafarsa, lamba biyu.

"Kin gani?" in ji Kawu. "Gaya wa wancan mai kunnen."

Ta manna a ginshiƙi, lamba biyar. Ta hau sama tare da Auta, ta dawo ta nuna wa Kawu abin da ta rubuta. Tsakiyar ɗakin Inna, tara. Ƙarfen gadon, goma sha huɗu.

"Ƙarya wayar take yi. Ya za a yi abu ya fi ƙarfi a nesa?"

Ni da nake ba ku labarin nan ban yi zurfi a karatu ba, amma ga yadda ta bayyana masa. Ta ce kowane daɓe da kowane gado yana da irin saurin da yake son kaɗawa da shi, kamar lilo. In kana tura lilo kaɗan kaɗan amma daidai lokacin da yake dawowa, sai ya tashi sama alhali hannunka bai yi wani ƙarfi ba. Gudun injin ya zo daidai da lilon benen. Da aka haɗe shi da ginshiƙi kuma, sai aka shimfiɗa wa girgizar hanya ɗoɗar har ƙarƙashin gadon.

"Wato aikin da na yi ne ya ɓata?"

"Da kyakkyawar niyya ka yi, Baba."

"Ban yarda ba. Da akwai wani abu da Yaya ta gaya mini."

Injiniya ta mayar da wayar jaka. "To a bar waya. Auta zai tsaya a kan inji, na san ba zai bari kayan mutane su lalace ba. Kai ka hau ka zauna kusa da ita. Matsa ɗaya kawai."

Kawu ya yi tsaki, amma ya hau, don ya kashe maganar.

Ya zauna a bakin gadon ya riƙe hannun yayarsa. "Yaya, yaran nan sun sa ni a gaba."

Ta yi murmushi. "Yau kuma da rana tsaka na samu baƙo?"

A ƙasa injin ya fara tashi.

Kawu ya fara jin abin a tafin ƙafarsa. Ya hau ƙaurinsa, ya shiga ƙugunsa, har haƙoransa suka soma haɗuwa. Sai ya ji yatsun Inna suna shiga cikin tafinsa, waɗannan siraran yatsun da ko kofi ba sa iya ɗagawa. Ya dube ta. Murmushin yana nan a bakinta, ta riƙe shi da ƙarfin hali, amma gumi ya keto a goshinta. Da injin ya kai ƙarshen gudunsa ta kasa. Ta juya fuska ta ciji gefen matashin kai, sai ya ga wurin duk ya yage, audugar ta fito. Ba cizon yau ba ne.

"Auta!" Ihunsa har titi. "Kashe shi! Kashe shi, na ce!"

Ɗakin ya lafa. Kawu ya zame daga gadon ya durƙusa.

"Yaya, me ya sa ba ki faɗa ba?"

Sai da numfashinta ya dawo ta ce, "Na ga yadda kake goge shi da tsumma. Tun kana yaro ban ga ka yi murna da abu haka ba."

Kwana uku shagon yana rufe. Kawu da hannunsa ya ɗauki guduma ya fasa kankaren da ya zuba, Auta yana kwashe ɓaraguzan, ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri, aikin ne ya faɗa musu. Injiniya ta sa aka bar tazarar tafin hannu tsakanin gindin injin da ginshiƙi. Aka ɗora shi a kan faffaɗan dakali mai nauyi, dakalin kuma a kan sifirin huɗu masu laushi, wato naɗaɗɗun ƙarafa masu lotsawa su dawo, da roba mai kauri. Bututun ruwa na ƙarfe aka canja shi da na roba. Ta nuna wa Kawu yadda zai riƙa baza jiƙaƙƙun kaya a zagayen gangar, kada barguna su taru gefe ɗaya.

Da aka kunna, injin ya yi wani tangaɗi yana tashi, Kawu ya ja da baya.

"'Yata, wannan ai faɗuwa zai yi! Da ko motsi ba ya yi."

"Bar shi ya yi rawarsa shi kaɗai, Baba. A baya da ka hana shi, bene ne yake yi masa."

Gudun ya daidaita, injin ya nutsu. Ta hau ta manna ɗan ƙarfenta a gadon. Lambar ko ɗaya ba ta kai ba.

Suka tsaya su uku a bakin ƙofar ɗakin. Inna ta buɗe ido ta dube su, damuwa a fuskarta.

"Yau ma ba ku buɗe shagon ba? Don Allah kada ku kashe masa sana'a saboda ni."

"Inna," in ji Auta, "injin yana aiki yanzu haka."

Ta kasa kunne. Ta daɗe tana saurare. Sannan ta saki jikinta a kan katifa a hankali, gaɓa bayan gaɓa, kamar wadda ta sauke tulu bayan doguwar tafiya. Kafin su bar ƙofar barci ya ɗauke ta, da rana tsaka, hasken taga yana kwance a kan hannunta.

Kwana goma sha ɗaya ta samu a haka. Ta yi hira, ta yi dariya sau biyu, ta sa Auta ya taje mata kai. A rana ta goma sha biyu da safe Allah ya karɓi abarsa. Ciwon ne ya ɗauke ta, ba injin ba, likita ma ya faɗa. Amma wata huɗun da suka wuce babu mai dawo mata da su.

Bayan mako biyu Auta ya sauko ya tarar da Kawu zaune a kan matakala ta farko, shago a buɗe, wanki jibge, bai taɓa komai ba.

"Kawu, mutane suna jiran kayansu."

Kawu bai ɗago ba. "Na ƙirga su ɗazu, Auta. Goma sha uku ne. Taki goma sha uku tsakanina da ita, wata huɗu ina rantsuwa a kan abin da ban hau na gani ba."

Auta ya zauna kusa da shi. Matakalar siririya ce, da ƙyar ta ɗauke su su biyu.

Darasi: Cutarwar da kake yi ba a inda kake tsaye ake auna ta ba, a inda take sauka ake aunawa. In aka ce maka abinka yana taɓa wani, kada ka tsaya kana kare kanka, tashi ka je ka zauna inda yake zaune a daidai lokacin da abin yake faruwa. Kuma ka kula da masu ce maka ba komai, wani lokacin ƙaunarka ce ta rufe musu baki. Ku tura wa 'yan'uwa wannan, musamman wanda yake da marar lafiya a gida. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka yi shiru dominmu.