Gonar Duba-Gari da Ba Ta Hayaƙi

Akwai wani duba-gari da aka yi a garin Kebbe, Malam Armaya'u, a shekarar da ake shirin karɓar mulkin kai. Mutumin Tambuwal ne, aikin En'e, wato hukumar gargajiya ta lokacin, ya kawo shi. Kullum yana bin gida-gida da ɗan ludayinsa, ya leƙa randunan mata ko ruwa ya yi ƙwari, ya duba shara da makwarara. Wadda ya samu da ƙazanta, tara ta hau kanta.

Shi ba mugu ba ne, salla ma ba ta wuce shi. Amma fa hannun jarirai gare shi. 'Yan unguwa har cewa suke, in Malam Armaya'u na cin tuwo, ƙuda ma sai ya nemi wani gida.

In ka tambaye shi, yana da hujjarsa. Yayansa ya rasu a Tambuwal da rani, ya bar ƙananan yara a hannun Inna, tsohuwar da ta haife su shi da marigayin. Albashin duba-gari kuwa bai taka kara ya karya ba. Don haka ya nemi gona a bayan gari, ya shuka gero, ya aika wa Inna cewa ta kwantar da hankalinta, abincin marayu na bana yana wuyansa.

Tun daga ranar bai sake zama wuri guda ba. Yana cikin leƙa randa, hankalinsa na gona. Yana cikin cin abinci, sai ya miƙe ya duba hadari. Allah kuma ya ba da ruwa, gero ya tashi ya fi mutum tsayi, zangarniya kamar damtse.

To, mutanen Kebbe suna da wata al'ada. In gero ya fara ido, tsuntsun jan-baki kan sauko, wanda a can ake kira buwa. Yaran gari su ke tsaron gonaki, da majajjawa da gwangwani da ihu. Ba a biyan su ko anini. Ladansu tumu ne: su yanki ɗanyar zangarniya a gefen gona, su gasa a wuta, su murza a tafin hannu, su hure su ci. Duk gonar da ka hangi hayaƙi na tashi a cikinta, ka san akwai yara.

Wata safiya Malam Armaya'u ya iso gonarsa ya tarar da tarin yara a bakin iyaka. A gabansu akwai Hinde, 'yar rugar Fulanin da ke kusa, yarinya mai baki, wadda duk sauran ke bi. Har ta riga ta yanki zangarniya guda tana riƙe da ita.

Ta ce, "Malam, mun taho tsaron tsuntsu."

Shi bai ji gaisuwa ba, zangarniyar kawai ya gani. Ya fizge ta, ya kama kunnen yarinyar ya murɗa.

Ya ce, "Wa yak kira ku? Geron ga na marayu na, ba na ɗiyan gari ba. Duk wanda na sake gani nan, wallahi uwatai sai ta biya tara bisa randa!"

Yara suka watse. Kafin azahar magana ta zaga gari, kowace uwa ta ja wa ɗanta kunne: ko inuwar gonar duba-gari kada ka taka.

Matarsa Mu'minatu ta ji labarin a bakin rijiya. Da ya dawo ta ce, "Malam, ba a yin haka garin ga. Gonar da ba ta hayaƙi, gonar buwa ta."

Ya ce, "Zangarniya guda in ta fita, bakin maraya ta fito. Ni nika tsaron abina."

Ta ci gaba da aikinta. Ta san halin kayanta.

Ba a jima ba buwa ta iso. Daga nesa sai ka ce hadari ne ya haɗo, sai ta matso ka ji ƙarar fukafukai. Gonakin Kebbe suka ɗauki ihu. Nan ana kaɗa gwangwani, can ana sakin majajjawa, yara na ta tsalle a kan rumfuna. Tsuntsu ya sauka nan a tashe shi, ya sauka can a tashe shi. Ya yi ta zagaye a sama yana neman inda ba hayaniya. Wuri guda ne kaɗai shiru a duk faɗin dajin, kuma kun san ko gonar wa ce.

Malam Armaya'u ya shiga gudu. Ya kore su a gabas, su sauka a yamma. Ya rugo yamma, su koma inda ya baro. Ya kafa mutum-mutumi, ya sa masa tsohuwar rigar kakinsa. Washegari ya tarar tsuntsaye sun jeru a kafaɗar rigar suna hutawa.

Ana cikin haka kuma ga aiki. Hakimi ya aiko cewa baƙi za su zo daga Sakkwato saboda bikin mulkin kai, a share gari fes, kada a ga ko tsinke. Wa ke da wannan aiki in ba duba-gari ba? Sai ya zama in yana gari zuciyarsa na gona, in yana gona ɗan aiken hakimi na nemansa. Ya rame, idanunsa suka faɗa, ko tuwo a tsaye yake cinsa.

Da abin ya fi ƙarfinsa, sai ya waiwayi 'yarsa Safara'u. Ita kaɗai Allah ya ba su, ba ta fi shekara bakwai ba. Ya miƙa mata gwangwani da sanda, ya kai ta tsakiyar gona.

Ya ce, "Ki yi ta bugu, ki yi ta ihu har in dawo. Kuma kada hannunki ya taɓa zangarniya."

Ta ce, "To, Baba."

Haka aka yi kwanaki. Yarinya guda, gona guda, tsuntsu ba iyaka.

Ran nan ya baro gari da rana tsaka yana sauri. Tun daga nesa ya lura ba ya jin gwangwani. Tsuntsu ya rufe gero, kara har lanƙwasa yake. Ya kutsa yana kiran sunanta, ransa a ɓace, yana zaton ta gudu wasa.

Ya same ta zaune a gindin kara. Da ta gan shi ta zabura, ta buɗe baki za ta yi ihu, amma ba abin da ya fito. Muryar ta tafi. Hannunta na hagu a dunƙule, tana ƙoƙarin ɓoye shi a bayanta.

Ya ce, "Mi kika ɓoyewa?"

Ta buɗe tafin a hankali. 'Yan ƙwayoyin gero ne cakuɗe da ƙasa, waɗanda suka zubo daga bakin tsuntsaye. Su take tsinta, ta hure, ta tauna.

Sai da ya sunkuya sannan ya ji abin da take cewa. "Baba, ban yanka ba. Wanga buwa ta bar shi."

Jama'a, ku duba wannan abu. 'Yarsa ta cikinsa, a tsakiyar gonar ubanta, tana cin ragowar tsuntsu don tsoron sa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta gida. Mu'minatu ta karɓe ta, ta dube shi sau ɗaya, ta shige ɗaki da ita. Da ta zage shi ma da ya fi masa sauƙi.

Bai zauna ba. Ya nufi gonar maƙwabcinsa Baba Atu, wani dattijo da yara suka cika wa gona kamar ana suna.

Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ka ara min yara ko kaɗan. Buwa za ta ƙare ni."

Baba Atu ya yi dariya har yana tari. Ya ce, "Ara? Su jakai na da za ni ara maka? Malam, ko guda ban kira ba. Hayaƙi sunka bi."

Malam Armaya'u ya koma gonarsa da wuƙa a hannu. Bai tsaya a gefe ba, inda zangarniya ke ƙanana. Tsakiya ya shiga, ya zaɓi manyan da tsuntsu bai kai gare su ba, ya yanko rungume guda. Kowace ya yanka sai ya ji kamar namansa yake yanka. Ya tara kirare a bakin iyaka ya hura wuta.

Rabonsa da gasa tumu tun yana yaro. Na farko ya ƙone ƙurmus. Na biyu ma haka.

Hayaƙi dai ya tashi. Yara suka hango, suka matso har bakin ciyawar gamba da ta raba gonakin biyu, suka yi cirko-cirko. Ba wanda ya tsallako.

A bayansa yana jin tsuntsu na aiki, ƙaf-ƙaf-ƙaf. Ƙafafunsa na son gudu. Sau biyu yana yunƙurawa zai tashi ya kora, sai ya koma ya zauna. Ya dubi yaran, ya ga Hinde a cikinsu, ta harɗe hannu.

Ya ce, "Hinde, na zalunce ki. Ki yafe min." Ya ɗaga tumun da ke hannunsa. "Ku taho ku ci. Ko ba ku kori tsuntsu ba, ku ci. Gara ku da buwa."

Yara suka dubi juna. Can wani ɗan ƙaramin yaro ya leƙo daga bayan Hinde ya ce, "Ba ka yi ma Innarmu tara?"

Ya ce, "Ba ni yi, ɗana. Wallahi ba ni yi."

Hinde ta ƙura wa baƙin abin da ke hannunsa ido. Ta yi tsaki. Ta ce, "Malam, ka ƙone shi. Ba haka aka gasawa ba."

Ta tsallako gamba, ta karɓi sabuwar zangarniya, ta riƙe ta sama da harshen wuta tana juyawa, har ta fara tsatsa tana ƙamshi. Sauran suka biyo ta ɗaya bayan ɗaya. Suka zauna suka ci, suna murzawa suna hurewa, baki duk toka. Shi kuwa yana ta yankowa yana kawowa, bai ce musu komai game da tsuntsu ba.

Sai da suka ƙoshi, Hinde ta goge hannu a zanenta, ta ɗauki gwangwanin Safara'u da ke yashe a ƙasa, ta ƙwala ihu. Yara suka bazu cikin gero kamar an buɗe garke. Tsuntsu ya tashi gaba ɗaya har ya kare rana, ya yi zagaye, ya nemi sauka, ihu ya sake ɗaga shi. Malam Armaya'u na tsaye da zangarniya a hannu, bai san hawaye na zubo masa ba.

Daga ranar hayaƙi bai yanke a gonar ba. Da muryar Safara'u ta dawo, ita ce mai rabon tumu, kuma babbar zangarniya tata ce. Aka yi bikin mulkin kai, baƙi suka zo suka tafi, aka yi girbi. Amma abin da tsuntsu ya ci ya ciwu. Abin da ya rage bai kai rabi ba.

Ya ɗora dammunan a kan jakai ya kama hanyar Tambuwal, zuciyarsa cike da fargaba. Ya san rumbun Inna ya ƙare tun tsakiyar damina. Duk tsawon hanya yana ganin marayun a ransa, ƙashin wuya a waje, yana tunanin da wane ido zai dubi tsohuwa.

Yana yin sallama yara suka rugo suna "Baffa! Baffa!" Ya tsaya turus. Kumatunsu cike, suna tsalle kamar 'yan awaki.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ta shafa dammunan ta ce, "Allah shi yi albarka. In munka haɗa da rama da tafasa, shina kai mu."

Ya ce, "Inna, ƙaƙa kunka yi? Na san rumbu ya ƙare tun tuni."

Ta ce, "A gonakin mutane sunka rayu. Da safe su fita tsaron buwa, su dawo cikinsu cike da tumu, har su ƙunso min nawa a bakin riga. Kowace gona sunka shiga sai an ba su. Ba wanda yat tambaye su ɗiyan wa na."

Malam Armaya'u ya zauna a kan damin gero. Watau duk lokacin da yake murɗe kunnen 'yar wani saboda marayunsa, wasu bayin Allah da bai san ko sunansu ba ne ke ciyar da su. Ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka sosai, yaran suka kewaye shi suna tambayar Inna abin da ya sami Baffa.

Darasi: Kada ka fake da naka ka hana na wani. Yaro na kowa ne, kuma yayin da kake ƙyashin ba ɗan maƙwabci loma guda, wataƙila naka yana can yana ƙoshi a hannun wanda bai san ka ba. Abin da ka hana yara ba lallai ya zauna a hannunka ba, tsuntsu ma na iya cinye shi. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, ko Allah zai sa wani ya saki hannunsa yau.