Gadar Kwarin Kanya Da Ta Rasa Suna

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Baba.

To, ku saurara da kyau, don in na gama ku za ku yanke hukunci. Ni dai maganar ta ishe ni.

A wani gari, Kwarin Kanya, wanda rafi ya raba shi da hedikwata, aka yi zaɓen kansila. Mutane suka bar gonakinsu ana tsakiyar damina, suka bi layi, har da tsofaffi da masu goyo. Da aka ƙirga a gaban kowa, sai ga Alhaji Ɗantsoho, mai riƙe da kujerar, ya sha kaye a hannun wani malamin makaranta, Malam Ilu. Amma nasara ba ta tabbata sai akwatin ƙuri'a ya haye rafi. In bai isa hedikwata ba, a soke zaɓen, Alhaji ya ci gaba da zamansa.

Labari ya iske Alhaji a zaure ana yi masa askin bikin nasara. Mutumin da ƙuri'a ta ɗora, yau ita ce abokiyar gabarsa. Nan take ya kira Bawale, shugaban 'yan dabarsa, ya ce, "Ku tafi makaranta inda akwatin yake, da fetur. Toka nake so in gani, ba akwati ba."

Mai askin, Jatau wanzami, tun kakanni gidansu ke aske gidan Alhaji, kuma Alhajin ya jefa wa ƙuri'arsa. Sai dai ya ga tsofaffin da suka wuni a layi. Ya ce, "Ranka ya daɗe, bari in wasa askar." Ya bar shi da rabin kai, ya fice. Da yake wanzami ba ya rasa suna ko biki, ya san wa ke auren 'yar wa. Bai zarce ko'ina ba sai wurin Iya Tabawa mai ƙosai, surukar Bawale.

Iya Tabawa ta bar kaskonta a kan wuta, ta shiga makaranta, ta zauna daram a kan akwatin. A garin nan kuwa, namiji ba ya haɗa ido da surukarsa, ba ya tsayuwa inda take zaune. Bawale ya faɗo da yaransa, ya yi turus. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna, ya ɓoye adda a baya.

"Iya, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Yaya aiki? Na ga yau an fito da yawa."

Ta tambayi mahaifiyarsa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi akuyar da ta yi ɗingishi bara, sannan ta sake daga farko. Wani cikin yaran ya ce, "Oga, mu ɗaga ta mana." Bawale, kansa a ƙasa, ya ce, "Taɓa ta ka gani." Da ta ga malamin zaɓe mai kula da akwatin ya shirya, sai ta naɗa gammo, ta aza akwatin a ka, ta nufi rafi. Suka bi ta a baya sumui-sumui, kamar 'yan rakiya.

A bakin rafi abin ya canza. Alhaji da kansa ya iso, ya danna hula har kunne, da wasu 'yan daba na wani gari waɗanda ba su da suruka a nan. Ruwa kuma ya cika ya batse, duk masu kwale-kwale sun ja nasu tudu. Ɗaya daga cikinsu, Nomau, shi kaɗai ya tura nasa. Ya ɗauki akwati da malamin zaɓe, duwatsu na zuba. Ɗaya ya fasa masa goshi, jini ya rufe masa ido, bai saki filafili ba sai da suka taɓa wancan gaci. Aka bayyana Malam Ilu a matsayin wanda ya ci.

Kowannensu ya ɗanɗana kuɗarsa. An ƙone rumfar Jatau, gidan da kakanninsa suka yi wa aski ya rufe masa ƙofa. Alhaji ya matsa wa Bawale har ya saki 'yar Iya Tabawa, ta dawo gida da yara. Kwale-kwalen Nomau kuwa, faskara shi aka yi kamar itacen girki.

Malam Ilu ya yi ta kai-kawo har aka gina gada a rafin, ya ce a sa mata sunan ɗaya daga cikin ukun. Nan gari ya rabu uku. Mutanen da suka shige ƙarƙashin gado ranar da ake jifa, su ne yanzu ke zuwa taro da gora. Wani dattijo ya ce a yi zaɓe kawai. Aka tambaye shi wa zai zauna a kan akwatin, tunda Iya Tabawa na cikin 'yan takara. Har yau gadar ba ta da suna.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗa tukunya, saura ku. Jatau da ya bar ubangidansa da rabin kai, Iya Tabawa da ta zauna a kan akwati, ko Nomau da ya haye da shi: sunan wa za a sa wa gadar nan?