Mutumin da Ya Ƙi Kashe Fitilar Kyamara

Jama'a, ku matso. Ku na sahun baya da ke latsa waya a ƙarƙashin riga, ina ganinku, kuma labarin yau naku ne.

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah sunansa Hambali. Injiniyan kwamfuta ne a wani kamfani da ke haɗa ƙananan kwamfutoci na karatu a gida. Aikinsa ba wanda ake gani ba ne. Can ƙasan manhajar da ke tafiyar da na'ura akwai wani sashe da masu sana'ar ke kira kenel. Shi ne maigida a cikin na'urar, babu abin da zai motsa sai da izininsa. To a nan aka ba Hambali kula da fitilu: ta caji, ta intanet, da 'yar ƙaramar nan da ke gefen kyamara, wadda ba ta kai ƙwayar gero ba.

Abokan aiki har tsokanarsa suke yi, suna kiransa Sarkin Fitila. Sai ya yi dariya ya ci gaba da aikinsa. Ku saurara ku ji yadda ya tsara abin. Duk manhajar da ta nemi buɗe kyamara, sai kenel ya fara kunna fitila tukuna. In fitila ba ta kama ba, kyamara ba za ta buɗe ba. Ya ɗaure su wuri guda, bai bar wata ƙofar baya ba.

Rannan shugaban kamfanin, Alhaji Tukur, ya kira shi ofis. Ya ce, "Malam Hambali, wani babban mai saye ya zo. Zai raba kwamfutocinmu gida gida, amma yana son ya riƙa leƙawa ta kyamara ya ga ko ana karatu da su, ba tare da fitila ta kama ba. Layi biyu ne kawai za ka gyara."

Hambali ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka zo gidana, kana wuce zaure ba sallama?"

"Haba, wace irin magana ce wannan?"

"To fitilar nan ita ce sallamar na'ura. A tsakar gida za a ajiye ta, inda matan mutane ke zaune ba lulluɓi, yara na wanka. Sun ga fitila a kashe, sun saki jiki. Ni ba zan sa ta yi musu ƙarya ba."

Alhaji Tukur ba mugu ba ne, tsoron rasa ciniki ne ya kama shi. Ya ce, "In ba ka yi ba wani zai yi, kai kuma ka rasa kujerarka."

Hambali ma mutum ne, jama'a. Kada ku ɗauka dutse ne. Yana da iyali, ga mahaifiya a hannunsa, ga aiki yana wuya a garin. Alhaji ya zaci zai yarda. Amma Hambali ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, ranka ya daɗe. Hannuna ba zai yi ba."

Aka sallame shi. Ya koma gyaran waya a wata rumfa a kasuwa, wasu na cewa ya yi wauta, a kan fitilar da ko sauro ba za a gani da ita ba.

Ana nan, sai ga wata abokiyar aikinsa, Injiniya Bara'atu, ta zo rumfar. Ta ce, "Malam Hambali, ni aka ba aikin bayanka. Wallahi da farko na yi niyyar yi. Na buɗe abin da ka rubuta, na ga yadda ka ɗaure fitila da kyamara, sai kunya ta kama ni. Na tuna ni ma akwai irin kwamfutar a ɗakin 'ya'yana. Na ce ba zan yi ba. Aka ba na gaba da ni, shi ma ya ƙi. Da Alhaji ya ga babu mai yi, da kansa ya gaya wa mai sayen ya nemi wani wuri. Yanzu ya ce in zo in roƙe ka ka dawo."

Hambali ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Na zaci ni kaɗai ne."

Na zaci ni kaɗai ne. Kun ji? Da wannan Shaiɗan ke cin galabarmu. Ya ce maka kowa na yi, kai wane ne? Alhali mutanen kirki suna nan da yawa, kowa na jiran wanda zai fara. Amana ba ta da ƙarama, kuma mutum ɗaya in ya tsaya a kan gaskiya, yana tsayar da na kusa da shi.

To kai da ke ɗaukar muryar abokinka a ɓoye yana zuba maka cikinsa, ka nemi izininsa? Kai mai gyara da aka miƙa wa waya a buɗe, me ya kai ka cikin hotuna? Mutumin nan ya saki jiki da kai ne saboda ya yarda da kai. In ka fita daga masallacin nan, ka goge abin da ka ɗauka, ko da babu wanda ya sani. Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu zama masu rufa na wasu. Amin.